Hajiya Balaraba Ramat Yakubu: an cire ta daga makaranta, littattafanta suka cika kasuwa



Kwanakin baya aiki ya kai mu Dumega ranar kasuwa, muka raɓe a rumfar wata mai tuwo domin mu ɗan taɓa abinci kafin motar Dogon Dutsi ta cika. A gefen kwanon da take zuba canji sai muka hangi wani tsohon littafi, bangonsa ya tafi, shafukan farko sun sha mai da hayaƙi, an ɗinke gindinsa da zare da allura. Muka nemi izini muka buɗe, layi biyu kawai muka karanta muka gane shi, Alhaki Kuykuyo Ne. Innar ta shaida mana cewa ita ba ta iya karatun boko ba, ɗiyarta ce take karanta mata da dare idan an gama wanke-wanke, kuma sun sauke shi ya fi a ƙirga. Sunan Rabi da Delu da Alhaji Abdu suna bakinta kamar maƙwabtanta ne, amma da muka tambaye ta wanda ya rubuta shi, sai ta ce tun da littafin ya shigo hannunta ba shi da bango, abin da ta tabbata dai shi ne mace ce, domin namiji ba zai san waɗannan abubuwa ba.

Ta kuwa canka daidai. Wadda ta rubuta shi ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mutuniyar Kano, ɗaya daga cikin marubutan Hausa da littattafansu suka fi shiga hannun jama'a tun daga ƙarshen shekarun 1980. Mun ga ya dace mu kawo muku tarihinta a wannan fili, domin kuwa mata da yawa a Arewa da Konni da Maraɗi sun san labaranta, amma ba su san cewa labarin rayuwarta ita kanta ya fi wasu daga cikinsu ban mamaki ba.

Ƙanwar shugaban ƙasa, amma ba ta gama firamare ba

An haifi Balaraba a birnin Kano a shekarar 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya shugabanci Najeriya daga watan Yuli na 1975 har zuwa ranar 13 ga Fabrairu 1976 da aka harbe shi a Legas. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe kuɗin Najeriya ya san fuskarsa, domin hotonsa ne a kan takardar naira 20. Sunan nan Ramat da su biyun suke ɗauke da shi na mahaifiyarsu ne.

To, mai karatu zai ɗauka cewa yarinyar da ta fito daga irin wannan gida sai ta zaɓi makarantar da take so. Ba haka abin ya kasance ba. Yayanta namiji ya yi karatu har Ingila inda ya samu horon soja, ita kuwa tana da shekara 13 aka raba ta da aji, aka ɗaura mata aure da wani magidanci da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu, ta dawo gida bazawara tun tana yarinya, babu miji babu karatu. Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu, babu unguwar da za ka shiga a Tibiri ko Gesheme ka rasa irinsa.

Abin da ya raba ta da sauran shi ne abin da ta yi bayan nan. Ta nemi a bar ta ta shiga wurin koyon ɗinki da saƙa, sana'ar da babu uban da zai hana ɗiyarsa, alhali a wannan wuri ana koyar da manyan mata karatu da rubutu da Hausa. Da goyon bayan mahaifiyarta ta riƙa zuwa, a nan ta kama karatun da aka ƙwace mata, irin wanda mu a nan muke kira yaƙi da jahilci. Ita da kanta ta sha faɗa cewa dalilin da ya sa take rubutu da Hausa ba da Turanci ba shi ne cire ta da aka yi daga makaranta. Ashe abin da aka ɗauka nakasa ce, shi ne ya zame mata jari, domin da ta yi rubutun da Turanci da littafinta bai taɓa kwana kusa da kwanon canjin innarmu ta Dumega ba.

Kafin lokacinta, ƙagaggun labaran Hausa na boko harkar maza ce. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duka maza, labaransu kuma na yaƙi ne da yawon duniya. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwahid. Balaraba ta fito da littafinta na farko, Budurwar Zuciya, a 1987, labarin wani alhaji mai auri-saki wanda gemu ya yi furfura amma zuciya ta ƙi tsufa. Tun daga nan aka gane cewa wannan ba ta zo yin labarin aljanu da sarakuna ba, cikin gida ta shigo.

Labarin Rabi mai abinci

A 1990 ta fitar da littattafai biyu da har gobe da su aka fi saninta. Bari mu ɗan tsaya a kan na farko, tunda shi ne ya fi shafar masu karanta wannan shafi.

Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai shagon yadi a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Yana da kuɗi, yana da mota, amma matarsa Rabi da ƴaƴansu tara ba su gani a ƙasa ba, domin abin da yake ajiye mata na cefane ba ya kai ko'ina, ita ce take ƴan dabarunta tana cike giɓin abinci da sutura da kuɗin makaranta. Ana nan sai ya kwaso wata tsohuwar karuwa mai suna Delu ya aura, aka shiga zaman kishi, ƙarshe ya saki Rabi ya kore ta da ƴaƴanta gaba ɗaya. Ba ta zauna kuka ba, sai ta kama ɗaki ta ɗora tukunya ta shiga sayar da abinci, da haka ta riƙe yara har babbar ɗiyarta Saudatu ta samu miji mai hali da mutunci. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta tashi a kasuwa ta cinye masa shago, dukiya ta ƙare, Delu ta nuna masa asalin halinta. Daga nan sai manya suka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma ɗakinta saboda yara. Ta koma ɗin, ba don ranta ya so ba.

Mun sha karanta muhawara a kan wannan ƙarshe, mun kuma sha jin ta a bakin masu sauraronmu idan aka taɓo zancen saki a rediyo. Wasu mata haushi suke ji, suna cewa bayan duk wannan wulaƙanci me ya kai ta komawa. Mu ma da farko haka muka ji. Amma da muka sake karantawa sai muka ga cewa marubuciyar ba ta yi mana ƙarya ba ne kawai. Mace nawa kuka sani da ta iya tsayawa ta ce a'a a gaban yayyenta da surukinta da dattawan unguwa? Sai dai Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba. Wadda aka kora jira take a miƙo mata, wadda ta dawo kuwa ita ce mai ciyar da gidan har da maigidan. Abin da ya sauya matsayinta ba addu'ar kishiya ba ce ko boka, tukunyar abincin nan ce. A ganinmu wannan shi ne abin da mata ƴan kasuwa suka gani a littafin suka riƙe shi, ko da ba su faɗe shi da baki ba.

Akwai kuma abin da ya shafi maza. Ɗan kasuwar da ya karanta labarin Alhaji Abdu ya san ba tatsuniya ba ce a ce shago ya ƙone dare ɗaya. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ita kanta kasuwar Sabon Gari ta yi mummunar gobara a 2016, shekara 26 bayan fitowar littafin. Ranar da haja ta zama toka, abin da mutum ya shuka a cikin gidansa shi kaɗai yake tararwa.

Littafi na biyu, Wa Zai Auri Jahila?, ya fi kusa da rayuwar marubuciyar. Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye mai son karatu da mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayin da ta sa rai da shi ya guje ta saboda ba ta yi ilimi ba, aka ba da ita ga wani tsoho Sarkin Noma. Ta gudu zuwa Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Abin lura a nan shi ne Balaraba ba ta yaƙi auren dole da maganar Turawa ba, da hujjar addini ta yaƙe shi, wato haƙƙin da Musulunci ya ba mace na neman ilimi da na a nemi yardarta kafin a aurar da ita. Shi ya sa yake da wuya a ture littafin da cewa baƙuwar aƙida ce. Daga baya ta rubuta Wane Kare Ne Ba Bare Ba?, inda ta taɓo zancen yi wa ƙananan yara fyaɗe. Gaba ɗaya littattafanta na labari sun kai tara.

Littafi ma haja ne

Yanzu bari mu yi magana irin ta kasuwa. Yaya aka yi littafin macen da ba ta da babban kamfani a bayanta ya tsallaka iyaka ya iso Dallol Mawri?

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya shiga wani hali, musamman daga 1986 da gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar naira. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga labaran Hausa. Sai matasa maza da mata suka ce to bari mu yi da kanmu. Marubuci zai rubuta labarinsa da hannu, ya biya mai tafireta, ya biya maɗaba'a daga aljihunsa, ya kwaso littattafan kwali-kwali ya kai wa masu shagunan littattafai a Sabon Gari da kasuwar Kurmi, galibi bashi, sai an sayar a biya. Ana bugawa a takarda mai araha domin kuɗinsa ya yi daidai da aljihun matar aure da ɗalibi. Sannan ga dabarar raba labari kashi biyu ko uku, a yanke shi daidai inda ya ɗauki zafi, dole ka dawo neman na biyu. Duk mai sayar da ƙosai da ke ba yaro ɗanɗano ta san wannan lissafi.

Balaraba tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai littafin In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar Ƴangurasa. Ƙungiyar ta riƙa taimakon ƴaƴanta wajen bugu da talla, littafin wannan yana ɗauke da sunayen littattafan wancan a bayansa. Daga Kano kuma fatake ne suka ɗauki sauran aikin. Wanda ya je sarin atamfa da takalma da robobi sai ya cusa ɗaurin littattafai a cikin kaya, wasu su biyo ta Katsina da Jibiya su faɗo Maraɗi, wasu ta Sakkwato da Illela su faɗo Birnin Konni, daga nan su bi babbar hanya zuwa Dogon Dutsi, su watsu cikin kasuwannin ƙauye. Kwafi ɗaya kuma sai ya zagaye gidaje goma, wata ta ara, wata ta karɓa haya, har bango ya fita kamar na innarmu. Ko shakka babu masu karatun sun ninka masu sayen sau da yawa, abin da ke nufin suna ya fi riba yawa a wannan sana'a. Marubuta da dama sun daina ne saboda kuɗinsu ya maƙale a hannun ƴan kasuwa.

Wasu malaman jami'a, irin su Ibrahim Malumfashi, sun kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, suna ganin kaya ne na yayi marasa nauyi, yayin da su Abdalla Uba Adamu suka tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu cikin shekarun 1990. Mu dai sunan bai ɓata mana rai ba, ina laifin kasuwa? Daga baya abin ya wuce muhawara. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona tarin littattafan soyayya a wata makarantar ƴan mata, bisa zargin suna ɓata tarbiyya, hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar kuma ta matsa wa marubuta lamba su yi rajista.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk abin da aka buga ne ke da amfani ba. Akwai waɗanda daga farko har ƙarshe ba komai sai kwatancen mota da gidan bene da budurwa fara mai dogon gashi, wanda ke sa yarinya ta raina saurayinta mai amalanke. Amma idan aka samu ruɓaɓɓen tumatir a kwando tsincewa ake yi, ba a kifar da kwandon. Wanda ya haɗa labarin Rabi da irin waɗancan bai karanta shi ba.

Da kasuwar fim ta buɗe a Kano, aka mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, ita ma Hajiya ta shiga harkar, ta rubuta labarai ta kuma shirya fina-finai, ciki har da Juyin Sarauta na 2017. Ta kuma yi aiki da gidauniyar da aka kafa da sunan yayanta Murtala. Wani abin da zai ba ku dariya, a 2012 wani kamfani mai suna Blaft da ke birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassarar labarin Rabi da Turanci, wadda Malam Aliyu Kamal ya yi, shi ne kuma cikakken littafin labari na farko na wata mace da aka fassara daga Hausa zuwa Turanci. Shekara da shekaru muna sayen fina-finan Indiyawa, ga shi su ma sun zo sun sari namu.

Mu kuma a nan gida fa?

Ƙasar Arewa ba ta rasa labari ba. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, tamu ce, a nan ƙasar Dogon Dutsi. Marigayi Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Amma da Faransanci Mamani ya rubuta, saboda haka jikokin waɗanda suka yi yaƙin, in ba waɗanda suka yi nisa a lakol ba, ba su iya ɗaukar littafin su karanta. Labarin wata mai abinci ta Kano ya fi saurin isa rumfunanmu a kan labarin sarauniyarmu, ba don komai ba sai don an rubuta shi da harshen da ake ciniki da shi.

Sannan halin da Balaraba ta shiga tana shekara 13 ya fi yawa a nan bisa can. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18. A 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da ke cikin karatu, amma kowa ya san ba a ofis ake yanke wannan hukunci ba, a tsakar gida ake yanke shi, sau da yawa kuma tiren talla ne ke fara cire yarinya daga aji tun kafin mijin ya bayyana. Mun san uwa ba don mugunta take ɗora wa ɗiyarta talla ba, kayan ɗaki take tarawa, kuma babu mai tara mata. Sai dai kwano da katifa suna tsufa, wani lokaci ma tun kafin su tsufa auren ya mutu.

Mata masu asusu sun riga sun san rabin wannan karatu. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da dama, ya nuna cewa dala-dala da mace ke zubawa duk mako yana iya zama jarin da zai tsayar da ita ranar da ƙasa ta zame. Sauran rabin shi ne wanda zai rubuta lissafin asusun, da wanda zai karanta takardar asibiti ko ta bashi kafin a dangwala yatsa. A ƙungiyoyi da yawa mace ɗaya ce ko biyu ke iya riƙe littafin, wani wurin ma sai an kira ɗan lakol daga waje. Hajiya Balaraba da girmanta ta zauna a benci, bayan aure ya mutu, kuma da Hausa ta fara.

Yau kasuwar littafin takarda ta ja baya ƙwarai. Ƴan mata sun koma karanta labarai a wayar salula ta WhatsApp, wasu kuma saurare suke yi ana karanta musu a YouTube ko a gidajen rediyo, marubuciya ta sa farkon labari kyauta, sauran sai an tura kuɗi, wato tsohuwar dabarar kashi na ɗaya da na biyu ce ta sake riga. Tun 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, kuma ba ta tsaya ga ƴan Najeriya kaɗai ba.

Kafin motarmu ta tashi daga Dumega muka ciro biro muka rubuta wa innar sunan marubuciyar a saman shafin da ya rage na farko. Da muka ba ta labarin Abu da Sarkin Noma sai ta ce mu rubuta mata sunan wannan littafin ma a wata ƴar takarda, akwai direban da ke shiga Sakkwato duk mako, za ta ba shi sautu.